Fuskar da ke Bayan Fenti

Ranar da masu faɗaɗa titi suka shafa wa bangon gidanmu jan fenti, ba rushewar gidan ce ta fara ɓata wa Baba rai ba, munin aikin ne. Ya fito yana dogara sanda, ya kai fuskarsa dab da alamar har hancinsa na neman gogar bango, ya ce wanda ya yi wannan ko riƙon buroshi bai iya ba, a dubi yadda fentin ya dalalo. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Hankalina ya riga ya tafi ɗakin tsakiya, inda Umma take.

Umma ta rasu ina rarrafe. Hotunanta na takarda suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, shekarar da rufinmu ya yi yoyo ruwa ya shiga ya manne su wuri guda, da aka ɓamɓare ko ido ɗaya ba a samu ba. Abin da ya rage mana shi ne zanen da Baba ya yi mata a jikin bango tun tana da rai: daga kai zuwa ƙirji, da koren ɗankwali, tana kallon ƙofa. A gabanta na koyi tafiya, a gabanta na sha faɗa, a gabanta na kafa keken ɗinkina.

Baba mai zanen alluna ne. Shi ya rubuta sunan kusan kowane shago a layinmu, ya zana wa mai aski kawuna, ya zana wa mai gyaran takalmi wani takalmin da ya fi duk wanda ya taɓa shigowa shagonsa kyau. Daga baya masu buga alluna da inji suka cika gari, idonsa kuma ya fara hazo, aiki ya tsaya cak. Sai ya zamana Umma ce kaɗai ke ba shi aiki. Bangon yana shan danshi, fenti yana koɗewa, shi kuwa ba ya iya ganin ta koɗe ya ƙyale. Da ya hangi wuri ya dusashe sai ya jawo gwangwanayensa, ya tsinka fenti da kananzir, ya ce, "Auta, zo ki zauna nan, ina so in ga yadda haske ke sauka a fata." In zauna a kujera har wuyana ya ƙage, yana dubana yana duban bango. Tun ina 'yar makaranta ake haka har na zama tela.

Duk baƙon da ya shigo sai ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce kamar an tsaga kara. Ba zan ɓoye ba, maganar nan ta fi min kowane irin yabo daɗi. Ban san muryarta ba, ban san ƙanshin jikinta ba, amma ai ina yawo da fuskarta.

Yayana shi ma fenti yake yi, amma na mota, da bindigar feshi. Tun da ya ƙi koyon buroshi ya tafi gareji, shi da Baba ba su sake zama sun yi hirar aiki ba. Baba yana kiran sana'arsa feshin maganin sauro, a gaban idonsa. Shi kuma yana kiran ta Baba shafe-shafe, amma sai Baba ya ba da baya. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu, sai tambayar lafiyar yara. Gidansa za mu koma, ya riga ya gyara mana ɗaki a baya. Da ya zo ganin kayan da za a kwashe, ya tarar da Baba yana shafa zanen da tafin hannu.

"Baba, bango ne fa," in ji shi. "Siminti da yashi. A ɗauke shi a waya, in kai a buga maka babba, har gilashi sai a sa masa."

"A buga wa wa?" in ji Baba. "Ni da yanzu rabin ganina a yatsu yake? Me zan taɓa a jikin gilashi?"

"To a yanko bulon gaba ɗaya."

"Bulon nan ya girme ka. Kana sa masa ƙarfe zai koma gari."

Yaya ya ɗaga hannuwa sama, irin na wanda ya gaji da magana da tsoho. Na ce masa in ba taimako ya kawo ba, ga hanya nan, ba a rufe ta ba. Ya ce ni daman bakina ya fi almakashina kaifi. Baba bai kula mu ba. Ya ƙwanƙwasa bangon da farce, ya kasa kunne, sannan ya ce fenti fata ne, fata kuwa ana feɗe ta.

Ya yi min bayani yana zaune a bakin gado. Lokacin da ya zana ta bai kankare bangon ba. Farar ƙasa ce a jiki, ya ɗora fentinsa a kai don zumuɗi, ita kuma tana zaune tana ce masa ya yi sauri, ta bar tukunya a wuta. "Ganganci ne, da yarona ne ya yi haka da na kore shi," in ji shi. "Amma yau shi zai cece mu, don farar ƙasa ba ta da riƙo." Za mu manna yadi a fuskar zanen da gam ɗin kafintoci, irin wanda ake dafawa. In ya bushe zai ja fentin ya rabo shi da bango. Sai mu kife shi, mu goge bayansa, mu shafe shi da farin fenti mai kauri, mu manna shi a sabon yadi. In wannan ya kama, sai a jiƙa na gaban da ruwan ɗumi, gam ya narke, yadi ya fita, fuska ta dawo. Na tambaye shi ko ya taɓa yi. Ya ce ya taɓa gani ana yi, yana saurayi.

Na karɓo gam ɗin wurin kafintan bakin layi, wasu gutsattsari masu ruwan ƙasa. Muka jiƙa su, muka zuba a gwangwani, muka tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi don kada ya ƙone. Warinsa kuwa, Allah ya kiyaye, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko ɓera ne ya mutu mana. Na yayyanka yadi mai shara-shara, na wanke shi sitaci ya fita. Baba ya hau kan kujera, ni na riƙe masa ƙafafu, yana shimfiɗa yadin yana bin sa da buroshi daga tsakiya zuwa gefe, kada iska ta maƙale. Ina kallo fuskar tana shigewa a hankali, haɓa, baki, hanci. Da ya zo kan idanu ya ɗan tsaya, sannan ya rufe. A kai muka ƙara wani yadin mai kauri.

Kwanakin da muka yi muna jiran ya bushe su ne mafi muni. Layin ya koma kango tun kafin katafila ta iso. Maƙwabta suna ciccire ƙofofi da tagogi da kwanon rufi, kowa ya ɗora kayansa ya tafi, wasu ko sallama babu. Allunan da Baba ya rubuta suna jingine a bakin kwata, yara na tsalle a kai. A ɗakin tsakiya kuwa ba abin da ke kallon ƙofa sai wani yadi mai ruwan ƙasa. Na kasa yin ɗinki a wurin. Jefi-jefi sai mu ji ƙas, ƙas, daga jikin bango, Baba ya ce gam ne ke ja, haka ake so.

Da safiyar da za mu tashi, Yaya ya zo da motar kwasar kaya. Ana jin rurin katafila daga farkon layi, ƙura ta turnuƙe. Baba ya bi gefen yadin da reza, ya zagaye shi, ya kama kusurwar ƙasa ya fara ja. Ba da ƙarfi ba, kaɗan-kaɗan, yana sauraro. Da ya kai inda hannunsa ba ya isa, sai kawai na ga Yaya ya ajiye katifar da ke kansa ya zo ya kama sama. Suka ja tare. Abin ya rabu da bango da wata 'yar ƙara, kamar ana yage tsohon zani. Inda Umma take sai wani fili fari fat, babu ko ɗigon launi. Kuka ya zo min ban shirya masa ba.

Muka kife shi a kan ƙyauren ƙofar da aka cire, a inuwar tsakar gida. Bayan duk farar ƙasa ce. Baba ya miƙo min soso mai laushi da ruwa a kwano, ya ce in goge a hankali, kada in danna. Na fara daga tsakiya. Farin yana fita, sai ga wani baƙin layi. Na ƙara gogewa, sai ga ido.

Na zaci zan tarar da launi ɗaya shimfiɗe, yadda bayan kowane abu yake. Amma Baba a jikin gilashin shaguna ya koyi zane, inda ake yin komai ta baya, kuma hannunsa bai taɓa barin wannan sabon ba. Ido yake fara sawa, da gira, da layin baki, sannan ya bi tsakaninsu ya cike da launin fata. Don haka duk abin da ya fara ɗorawa a bangon nan, ranar da take zaune a gabansa, yana nan kwance a baya, ba abin da ya taɓa shi. Gyare-gyarensa na shekara da shekaru duk a sama suka hau.

Na ci gaba da gogewa. Fuskar da ke fitowa mai faɗi ce, tawa doguwa ce. Idanun ƙanana, sun ɗan lumshe don dariya. Akwai tabo a gira. Bakin a buɗe yake, da wushirya, alhali na bango a rufe na san shi tun da na yi wayo.

"Wace ce wannan?" na ce.

Na ji wani abu ya faɗi a bayana. Yaya ne ya saki kwandon kwanuka. Ya tako ya durƙusa a gefen ƙyauren, ƙaton mutum mai 'ya'ya, ya ce, "Umma," da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Shi ya san ta, yana da wayo ta rasu. "Wallahi ita ce. Ga tabon da murfin tukunya ya ji mata. Baba, ita ce."

Baba ya sunkuya har gemunsa na taɓa fentin. Ya bi fuskar da ido daga goshi zuwa haɓa, ya sake komawa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ni ya kalla.

"Ina ta gyara ta," ya ce, "ashe ke nake zanawa."

Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Na ji haushin Baba, na ji haushin duk wanda ya taɓa shigowa ɗakin nan ya ce mun yi kama, na ji haushin kaina da na yi ta tsayawa gaban madubi ina neman uwata. Ashe ko kunnenta ban ɗauko ba. Amma ga ta nan tana dariya, wata mata da ban sani ba, kuma ina son ta nan take, son da ya fi ƙarfin haushin.

Tabon yana gefen da ba nasa ba, tunda ta baya muke kallo. Yaya ya faɗa, Baba ya ce ba komai, haka take ganin kanta in ta duba madubi. Sai ya ture gwangwanin farin fentin da muka tanada da ƙafa. "Ba zan rufe ta ba. Bayan ya zama gaba." Wato yadin da muka manna zai zauna har abada a kan ɗaya fuskar. Ya waiwayo ni kamar mai neman izini. Na gyaɗa kai.

Sai dai babu lokaci. Zafi ya fara tashi, gam yana ƙara ja, gefen fentin yana tsagewa yana zubowa ɓarɓashi-ɓarɓashi. Ana bukatar abin da zai riƙe shi, wanda kuma ake gani ta cikinsa. Baba ya ce in ɗauko masa man ƙyalli, irin wanda yake shafa wa allo in ya gama. Na binciko gwangwanin a cikin tarkace, muka buɗe da ƙyar, ya daskare ya zama dutse. Kafintan ya riga ya tashi. Yaya ya miƙe zumbur ya ce a ba shi ɗan lokaci, ya fita da gudu, ko takalminsa ɗaya bai gama sawa ba.

Kafin ya dawo na ɗauki fuskar a waya. Saboda hazon farar ƙasar da ya rage, abin da ya fito bai wuce inuwar mutum a bayan labule ba. Baba ya ce in bari a shafa man, launi zai tashi, sai in ɗauka da kyau.

Yaya ya dawo yana haki, da kwalba cike da wani ruwa garai-garai. "Wannan shi ne na ƙarshe da muke fesa wa manyan motoci," in ji shi. "Ba rana, ba ruwa, ba abin da ke taɓa shi. Babu wanda ya fi shi." Ya miƙa da hannu biyu. A sanina wannan ne karo na farko da ya kawo wa Baba wani abu daga garejinsa, kuma karo na farko da Baba ya karɓa bai yi gatse ba. Ya buɗe kwalbar ya kai hanci. Ni daga inda nake warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Amma hancin Baba fenti ya daɗe da kashe shi, ko girki ya ƙone ba ya ji, sunsunawar sabo ce kawai. Ya ɗiga kaɗan a gefen ɗankwalin ya gwada. Koren ya tashi shar. Yaya ya ce abin yana saurin bushewa, in ba a bi shi a lokaci guda ba zai bar sawu. Baba ya ɗauki buroshinsa mafi laushi, ya tsoma, ya ja daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, hannun ko rawa ba ya yi.

Ta fito. Fatar ta yi jajir da rai, idanun suka yi ƙyalli, haƙoran suka yi fari. Har ɗan ɗigon hasken da ya sa mata a ƙwayar ido yana nan. Yaya yana dariya hawaye na zuba. Baba ya ajiye buroshi ya ce, "Sannu da zuwa." Ni kuwa na goge hannuna a zani, na laluba waya.

Yaya ne ya fara gani. Gefen ɗankwalin, inda aka yi gwaji, ya fara tattarewa.

"Baba," ya ce a hankali, "da wane fenti ka yi ta?"

"Na mai mana. Da me ake zane?"

Yaya ya ɗora hannu a ka. Ya sani sarai, duk mai feshi ya sani: wannan ruwan in ya hau fentin mai, cin sa yake, ya tayar da shi. Sai dai bai taɓa tambayar abin da ke cikin gwangwanayen Baba ba, Baba ma bai taɓa tambayar abin da ke cikin bindigarsa ba. Ya fizgi tsumma zai goge, Baba ya cafke masa hannu.

"Kana taɓawa za ta biyo tsumman. Bari."

"To me za a yi? Baba, me za a yi?"

"Ba abin da za a yi. Matsa min daga haske."

Muka tsaya muna kallo. Tattarewar ta sauko daga ɗankwali zuwa goshi, layi-layi sirara. Ta zo gefen idanu ta taru. Kumatun suka saki, fatar wuya ta yamutse, gefen baki ya zurma, amma dariyar tana nan. Matar da ta rasu ba ta kai shekaruna na yanzu ba, ga ta tana tsufa a gabanmu, a kan ƙyauren ƙofa. Baba ya durƙusa, ya kai fuskarsa kusa da tata, warin nan ko a jikinsa. Tsoho da tsohuwa, goshi da goshi.

"Ashe haka za ki zama," ya ce mata. "To, ba laifi. Na gani."

Abin bai tsaya a nan ba. Fentin ya ci gaba da tashi, ya yi ƙuraje, baƙin ido ya malala cikin launin fata, baki ya haɗe da haɓa. Kafin a jima babu fuska, sai wani dabbare mai danƙo, kore da ruwan ƙasa. Yaya yana zaune a ƙasa dirshan yana kuka kamar yaro, yana cewa shi ne, shi ya kashe ta. Baba ya dafa kan Yaya, ya bar hannun a wurin.

Wani daga cikin masu rusau ya leƙo ta katanga ya ce mu yi haƙuri mu hanzarta, saura gida ɗaya a zo kanmu. Yaya ya share fuska da hannun riga, ya kama gefen yadin yana dubawa. Ya ce fentin yana da kauri, wataƙila ruwan bai ratsa har can ba. In aka kai gida aka jiƙa yadin, mai yiwuwa a samu fuskar gaban lafiya lau.

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Ta gaban ai Auta ce," ya ce. "Ga ta nan tsaye. Bar shi nan. Auta, kama min hannu mu tafi."

Na kama. Hannun yana danƙo. Muka fita ta inda ƙofa take a da.